Ciyawar tsakar gida: Yaushe za ka zuba taki, yaushe za ka yi feshi?

Idan a Jos kake zaune, ka san yadda gari yake a ƙarshen watan Maris. Sanyin hunturu ya wuce, rana ta fara cizo, ciyawar da ke harabar gida ta yi ja kamar an babbake ta. Sai wata rana da yamma hadari ya taso daga gabas, a yi ruwa na rabin awa, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Washegari sai ka ga maigida ya nufi kasuwa ya auno takin zamani a leda, wani ma ya haɗo da kwalbar maganin ciyawa, wai damina ta faɗi, gara a yi da wuri. Mai karatu, in kai ne wannan maigidan, ajiye ledar nan tukuna. Ruwan jiya bai isa ya sa ka zuba ko ƙwaya ɗaya ba.

Wataƙila ka ce me ya kawo zancen ciyawa shafin lafiya da iyali? Ka dubi gidajen unguwa irin Anguwan Rukuba da maƙwabtanta, daga mahaɗar da ke kan titin Bauchi Ring Road har ka nufi Tina Junction da Eto Baba. Gidaje ne a matse, wasu a kan dutse, wasu a gangare. Wanda ya samu ɗan fili taku biyar ko shida ya dasa ciyawar ado, to a nan ne jariri yake rarrafe, a nan ake shanya, a nan kaji suke kiwo, kuma sau da yawa rijiyar gidan ba ta wuce 'yan taku daga wurin ba. Haka filayen makarantu da harabar wuraren ibada suke. Duk abin da ka watsa ko ka fesa a wannan ɗan fili, ko dai ciyawa ta sha shi, ko ya bi ruwa ya gangara gidan maƙwabci, ko ya nutse ya nufi rijiya, ko ya ƙare a tafin hannun yaro. Abin da yake raba waɗannan hanyoyi huɗu, galibi, shi ne ranar da ka zaɓa.

Kalandarmu daban take

Yawancin shawarwarin da ake ji game da kula da ciyawar ado daga Ingila da Amurka suka fito, inda ake da kaka mai sanyi da ƙanƙara mai rufe ƙasa. A can sanyi da ɗumi ne suke tayar da ciyawa ko su kwantar da ita. Manomin ciyawa a Amurka yana auna ɗumin ƙasa, da zarar ya kai wajen digiri 13 a ma'aunin Selsiyos sai ya san irin harƙiya zai fara tsirowa, ya yi maza ya fesa maganin da zai tare shi. Harƙiyar tasu dangin tamu ce, amma a nan ba ɗumi take jira ba, ruwa take jira.

Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma takan samu ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, fiye da Kano nesa ba kusa ba. Ruwan yakan fara leƙowa a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, ya zauna sosai a watan Mayu, ya yi marka a Yuli da Agusta, inda kowane wata cikin biyun yakan kwashi abin da ya kai milimita 300 ko kusa da haka, sannan ya ɗauke a Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai hunturu. Ita ciyawar ado ba baƙuwa ba ce a garin nan. Tun 1913 aka kafa filin wasan golf na Rayfield, zamanin da Turawan kuza suka mamaye tudun. Ire-iren da muke dasawa a gida kuwa, wato kiri-kiri wadda masu sayar da furanni suke kira Bahama, da mai faɗin ganyen nan da suke kira kafet-giras, duk 'yan ƙasar zafi ne. Suna tashi da ruwa, su yi barci da rani. Ba su cin taki sai suna farke.

Shi ya sa ruwan farko yake yaudarar mutane. Akan yi ruwa sau ɗaya ko biyu, sannan sama ta rufe bakinta kwana goma, wani zubin mako uku. Manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu sun san wannan sarai. Idan ka watsa taki a wannan tsakanin, gishirin da ke cikinsa zai zauna a kan busasshiyar ƙasa ya tsotse ɗan danshin da saiwa take lallaɓawa da shi, sabon tohon ya ƙone. In yuriya ce, wani kaso nata ma sai ya bi iska ya tafi, saboda idan ta zauna a saman ƙasa cikin zafi ba tare da ruwan da zai shigar da ita ba, takan koma iska mai warin fitsari. Ka biya kuɗi ka ciyar da sararin samaniya ke nan.

Aikin watan Afrilu na hannu ne

Abin da ya dace da wannan lokaci shi ne manjagara da fartanya. Ka share busasshen ganye da matacciyar ciyawar da ta yi kirtani a ƙasa. Inda yara suka tattake wuri ya yi tauri, ka sa cokalin lambu ko wani ƙarfe mai tsini ka huhhuda, don ruwa ya samu hanyar shiga. In akwai inda ciyawar ta mutu gaba ɗaya, ka tanadi dashe, amma kada ka dasa sai ruwa ya zauna.

Sannan ka sa ido a kan baƙin da za su fara fitowa. Mako biyu bayan ruwan farko za ka ga ƙananan tsirrai sun yi kore a duk inda ƙasa take tsirara: harƙiya, tuji, guɗe-guɗe, kashin yawo, nonon kurciya, balasa, wani wuri har da ƙarangiya da tsidau waɗanda iri ya biyo yashin gini ko kashin shanu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan matakin da yatsa biyu za ka tuge tuji, amma bar shi ya kai watan Yuli ka gani, sai ka dafe ƙasa da ƙafa kana ja da hannu biyu. Mafi yawan waɗannan 'yan shekara ɗaya ne, ba su da wata dabara ta dawowa sai ta iri. Duk wanda ka cire kafin ya yi fure, ka rage wa kanka dubban 'ya'yansa a baɗi. Minti ashirin da safe bayan an kwana ana ruwa, sau biyu a mako, ya ishi ɗan filin tsakar gida, kuma aiki ne da yara manya za su iya taya ka. Balasa ce kawai mai wayo. In ka tuge ta ka yar a wurin, kowace gaɓa sai ta sake kama ƙasa, don haka a kwashe ta a fitar.

Akwai maganin da ake fesawa don ya hana iri tsirowa tun daga ƙasa. Wanda aka fi samu a shagunan kayan gona shi ne fendimetalin, mai launin ruwan ɗorawa da yake ɓata tufafi. Lokacinsa ɗan ƙanƙane ne, daidai faɗuwar ruwa kafin ciyayin su ɓullo, don ba ya kashe wanda ya riga ya girma. Kuma ba a fesa shi a kan sabon dashe, saboda yana hana reshen ciyawar kafa saiwa. A ganina, mai kula da filin ƙwallo ko babbar haraba shi ke da hujjar neman sa. Mai fili taku shida ba shi da ita.

Takin farko

Ka jira sai ruwa ya zauna, wanda a Jos yawanci cikin watan Mayu ne. Ba sai ka duba kalanda ba, alamu biyu sun isa. Na farko, ka tona ƙasa zurfin tafin hannu ka ji ta da danshi har ƙasa. Na biyu, ciyawar ta yi kore da kanta har ka yanke ta sau ɗaya ko biyu. To yanzu saiwa ta farka, abin da ka ba ta za ta karɓa.

Nawa za ka zuba? Nan ne kusan kowa yake wuce gona da iri. Lambobin da ke jikin buhu, kamar 15-15-15 ko 20-10-10, suna nuna kason sinadarai uku ne cikin ɗari: naitirojin mai sa ganye, fosfaras mai gina saiwa, da fotash mai ƙara juriya. Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin ɗari, wato ta ninka 15-15-15 sau uku a ƙarfi. Ƙa'idar da masu kula da ciyawa suke bi ita ce kada a wuce giram 5 na naitirojin a kowace murabba'in mita a zubi ɗaya. Mu sauƙaƙa lissafin. Ka auna filinka da babban taku, kowane taku kamar mita ɗaya. In ya zama taku 5 a faɗi, 6 a tsawo, murabba'in mita 30 ke nan. Wannan fili kilo ɗaya na 15-15-15 yake buƙata, kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara shida. In yuriya ce, gwangwani biyu da rabi ya wadatar. Ka ga ke nan mai sayen buhu mai kilo 50 don tsakar gida ya sayi na shekaru masu yawa.

Ka raba takin gida biyu, ka watsa rabi kana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa, don kada wani wuri ya samu tuli ya ƙone, wani ya tashi a banza. Ganyen ya kasance a bushe lokacin watsawa, in ba haka ba ƙwayoyin za su manne su bar tabo. Bayan nan ka bi da ruwa bokiti kaɗan, ko ka daidaita da ranar da ake sa ran yayyafi. Abin da ba a so shi ne ka ga baƙin hadari ya haɗo ka ce bari in yi sauri in watsa kafin ya sauko. Ruwan Jos mai ƙarfi, wanda wani lokaci har da ƙanƙara yake zuwa, a cikin minti goma zai wanke filin ya kai takin kwata.

Uwargida, ga naki. Yuriya fara ce tas, ta yi kama da sukari ko gishiri, shi kuma ɗaya takin yakan zo da ƙwayoyi masu launi kamar alewa. Yaro mai rarrafe ba ya tambaya. Kada a bar yara su hau filin sai an shayar da shi ruwa, ƙwayoyin sun narke, ganye ya bushe, in da hali a bari sai washegari. Abin da ya zube a kan siminti a share shi a mayar cikin ciyawa. A kulle kaji a ranar. Akuya ko tunkiya kuwa, in ta samu ledar yuriya a buɗe ta ci, tana iya mutuwa cikin awa ɗaya ko biyu, kuma wannan asara ce da ake yi a gidaje fiye da yadda ake faɗa.

In ka fi son takin gargajiya, ka yi dace, don Jos gari ne na gidajen kaji. Amma ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙone ciyawa, yana tara ƙuda, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ɗanyen kashin shanu shi kuma cike yake da irin ciyayi. A tara shi a gefe guda nesa da rijiya, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa, har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi ya daina wari. Sannan a marmasa a barbaɗa sama-sama yadda za a riƙa ganin kan ciyawar. Ba ya saurin nuna aiki kamar na zamani, amma ruwa ba ya saurin kwashe shi, kuma yana gyara jar ƙasar nan mai tsakuwa da ta yi yawa a unguwannin kan dutse.

Da marka, a rufe buhu

Daga ƙarshen Yuni har Agusta ya fita, kada ka zuba takin zamani ko kaɗan. Na san a wannan lokacin ne ciyawa takan ɗan yi fari-fari, mutum ya ga kamar yunwa take ji. Sau da yawa ruwa ne ya yi mata yawa, rana kuma ta yi ƙaranci. Taki ba zai gyara wannan ba.

Ga abin da yake faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna juya naitirojin ɗin taki ya koma wani sinadari da ake kira naitiret. Shi naitiret ba ya manne wa ƙasa, duk inda ruwa ya nufa nan yake bi. Da marka ruwa yana ratsa ƙasa kullum, ya wuce inda gajeriyar saiwar ciyawa take iya kaiwa, ya haɗu da ruwan da ke cika rijiyoyin unguwa, waɗanda a wannan lokaci wasu da hannu ma ake ɗiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a kan miligiram 50 cikin kowace lita, kuma saboda jarirai aka sa wannan iyaka. Jaririn da bai kai wata shida ba, in ana dama masa madarar gwangwani da ruwa mai naitiret da yawa, jininsa yakan kasa ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Za a ga leɓɓansa da harshensa da ƙasan farcensa sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, yana numfashi da ƙyar, jikinsa ya saki. Wannan na asibiti ne nan take. Kuma tafasa ruwan ba ya cire naitiret, sai ma ya ƙara masa kauri, tunda ruwa ne yake tafiya a tururi ya bar shi. Jaririn da nono zalla yake sha ya fi tsira daga wannan.

Gaskiya ita ce a unguwa mai cunkoso, masai da ramin ruwan ban-ɗaki da ke kusa da rijiya sun fi taki zuba naitiret a ruwa. Amma wancan gyaransa sai da kuɗi da bulo, wannan kuwa rufe bakin buhu ne kawai. Ba mu kaɗai muke da wannan matsala ba. A jihar Fulorida ta Amurka, inda su ma daminarsu take zuwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya, gundumar Sarasota da wasu maƙwabtanta sun haramta zuba takin naitirojin da fosfaras a ciyawar gida daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba. Mu ba mu da irin wannan doka, sai dai mutum ya sa wa kansa. Ko a lokacin da ya dace ma, ka bar tazarar taku goma tsakanin inda kake watsa taki da bakin rijiya, musamman in filin yana sama da ita.

Aikin marka yanka ne. Ko da inji kake yi ko da langalanga, kada ka aske ciyawar har ƙasa don kana so ka huta mako uku. Ka cire kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kawai, ka bar mata kamar faɗin yatsu uku. Ciyawa mai kauri tana yi wa ƙasa inuwa, irin harƙiya da tuji ba ya samun hasken tsirowa, ta zama ita ce maganin ciyayi mafi arha. In yankan bai yi tuli ba, bar shi a wurin ya ruɓe, taki ne kyauta. Akan ce ciyawa tana haifar da sauro. Ba a cikinta yake ƙyanƙyasa ba, sai a ruwan da ya kwanta, a tsohuwar taya da gwangwani da kwatar da ta toshe. Amma doguwar ciyawa mai duhu ita ce ɗakin hutawarsa da rana, haka nan maciji da ɓera. Don haka yanka a kan kari ya fi zama dole a jikin katanga da bayan ɗaki, inda ido ba ya zuwa.

Kwalbar da ke bayan ƙofa

Yanzu ya zama ruwan dare a ga matashi da injin feshi a baya yana bi gida-gida, a ba shi ɗan kuɗi ya fesa tsakar gida da bakin ƙofa. Kafin ka ce masa bismilla, karɓi kwalbar ka karanta. Maganin ciyawa ba iri ɗaya ba ne.

In ka ga an rubuta Paraquat, wanda da yawa suka sani da sunan Gramoxone, mayar masa ka ce ka gode. Shi ne mai ƙone ganye a yini ɗaya, abin da ya sa ake son sa. Kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum, kuma har yau ba shi da makari. Yana ƙone baki da maƙogwaro, ya taɓa ƙoda, sannan a hankali cikin kwanaki ya lalata huhu, har mutum ya ga kamar ya samu sauƙi kafin numfashi ya gagare shi. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. A nan gida hukumar NAFDAC ta sanar da janye shi daga kasuwa zuwa 2024, tare da atirazin zuwa 2025, shi kuma atirazin an san shi da daɗewa a cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. In ka ci karo da ragowarsu a shago ko a hannun mai feshi, ba su da gurbi a gidan da yara suke. Abin takaicin ma, farakwat ganye kawai yake ƙonewa. Tofa da aya-aya sai su sake fitowa bayan mako biyu kamar ba a yi ba.

Na biyu shi ne gilaifoset, wanda ake rubutawa Glyphosate, irin su Roundup. Wannan yana bin ganye ya gangara har saiwa, amma ba ya tantance abokin gaba. In ka fesa a kan ciyawar ado, ita ma ta tafi. A watan Maris na 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, yayin da hukumar kare muhalli ta Amurka take cewa ba ta ga wannan haɗari ba in an bi ƙa'ida. Tunda masana ba su daidaita ba, mai iyali sai ya taƙaita. Na uku shi ne 2,4-D, mai kashe masu faɗin ganye ya bar dangin ciyawa. Shi ne ya fi dacewa da fili irin namu, sai dai ko tururinsa iska ta kaɗa, tumatir da kuɓewa da gwandar uwargida, har da furannin maƙwabci, sai ka ga ganyensu ya murɗe.

In har feshin ya zama dole, lokacinsa shi ne sa'ad da ciyayin suke ƙanana kuma suna cikin girma, wato Mayu zuwa farkon Yuni. Da safe bayan raɓa ta bushe, babu iska, kuma kana da tabbacin awa shida ba ruwa, abin da yake da wuyar samu a Agusta. Da rani kuwa ɓarnar kuɗi ce, don ciyawar da take barci ba ta shan magani. A fesa kan tsiron da ake nufi kaɗai, ba filin duka ba. Mai feshin ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu, da takalmin roba, da safar hannu, da takunkumi. Mai juna biyu da mai shayarwa kada su taɓa. A kwashe shanya da kwanuka da kayan wasan yara, a rufe rijiya, kuma kada a wanke injin a gindinta. Yara su kaurace wa wurin har sai ya bushe sarai, ko tsawon lokacin da takardar kwalbar ta faɗa.

Babban haɗarin ma ba a filin yake ba, a ajiya yake. Kada ka yarda a zuba maka magani a robar lemo ko ta ruwan sha, komai arharsa. Yaro mai ƙishirwa robar yake gani. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a huda ta, kada ta koma ta man gyaɗa ko ta kananzir. In tsautsayi ya faru magani ya zuba a jiki, a cire tufafin a wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15. In an sha, kada a ba da manja ko madara, kada a sa yatsa a maƙogwaro don a jawo amai. A ɗauki mutumin da kwalbar a nufi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo bai yi nisa da Anguwan Rukuba ba, ga kuma Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato da na Jankwano a cikin gari. Awannin farko su ne suke da daraja.

Satumba, da abin da ya biyo baya

Idan marka ta sassauta a watan Satumba, rana ta fara fitowa, ka yi zubi na biyu, rabin na watan Mayu. Wannan shi ne guzurin da saiwa za ta shiga rani da shi, kuma ya fi kyau ya zama taki mai fotash, ba yuriya zalla ba. Kada ka kai shi tsakiyar Oktoba, don ruwan da zai narkar da shi ya kusa ɗaukewa. A wannan watan ne kuma ciyayi suke fitar da kai, don haka duk wanda ya tsere maka a baya, ka yanke kansa kafin iri ya zuba.

Tofa ma yanzu ne lokacinta. Mai kaifin nan da saiwarta take huda tafin ƙafar yaro ba ta jin yanka, tana da rumbu a ƙarƙashin ƙasa. A ƙarshen damina takan riƙa tura abinci daga ganye zuwa wannan rumbu, saboda haka in ka sa safar roba ka shafa gilaifoset da soso a kan ganyenta kaɗai, maganin zai bi abincin ya sauka. Aya-aya kuwa, mai 'ya'ya a jere kamar carbi a cikin ƙasa, sara da fartanya da damina ƙara mata yawa yake yi. Ita sai da rani ake tone ta a baza 'ya'yan a rana su bushe.

Da hunturu ya shigo ciyawar za ta yi ja. Ba mutuwa ta yi ba, kiri-kiri takan jure watanni ba ruwa ta dawo. Ba na ganin hikimar sayen ruwa wajen 'yan garuwa a watan Fabrairu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, don a shayar da ciyawa. Ruwan ɗauraya da ba shi da bilic ya ishe ta, in ma an ga dama. Taki kuma babu shi sam sai wata damina. Sannan kada ka cinna mata wuta wai don ta fito da kyau. Hayaƙin yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya tayar wa mai asma da ƙananan yara, iska tana iya kai wutar inda ba ka nufa ba, kuma ɓerayen da suke fakewa a ciyawa cikin ɗaki suke gudowa, a daidai watannin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa, ga shi Filato tana cikin jihohin da suke fama da shi.

Abu ɗaya da za ka iya ba ƙasa da rani shi ne toka. Ƙasar Jos mai tsami ce a wurare da dama, saboda asalin dutsenta da yawan ruwan da yake wanke ta, kuma yuriya tana ƙara mata tsami shekara bayan shekara. Masu lambun bakin kogin Dilimi sun daɗe da sanin amfanin toka a gonakinsu. A gida, ka tsaya a kan tokar itace ko ta gawayi daga murhu, ban da tokar bola wadda aka ƙona leda da batir a ciki. Gwangwanin madara ɗaya a kowace murabba'in mita, sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, ranar da babu iska. Kada ka haɗa ta da yuriya ko kashin kaji a zubi ɗaya, don toka tana kore naitirojin ɗinsu ya bi iska. A bar aƙalla wata guda a tsakani.

Ragowar takin da ke leda kuwa, ka ɗaure bakinta tam don yana jan danshi ya dunƙule, ka rubuta sunansa a jiki da manyan baƙaƙe, ka ɗora a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada ya kwana a ɗaki ɗaya da buhun masara, balle kusa da gishirin miya.